Kai Yara 'Yan Tatata Bakin Teku Daga Abuja: Yadda Ake Shirya Tafiyar

Ranar da 'yata ta fara ganin teku ba ta yi tsallen murnar da muka kwashe wata biyu muna hasashe ba. Ta tsaya cak, ta ji rugugin ruwan, ta juyo a guje ta cusa kai cikin hijabina. Shekararta biyu da wata bakwai a lokacin, ruwan da ta sani bai wuce tafkin Jabi da bahon wankanta ba. Ƙanenta kuwa, ɗan wata goma sha huɗu, ina sauke shi daga baya ya damƙi rairayi ya kai baki. Maigidan ya dube ni ya ce, "Maman yara, wannan kuɗin jirgi fa da rago muka saya."

Sai a kwana na uku ta yarda ruwa ya taɓa mata ƙafa. Da mun yi tafiyar kwana biyu kamar yadda muka fara tsarawa, da mun dawo Kubwa da hoton yarinya tana kuka kawai. Tun daga wannan zuwan na gane cewa tafiya da masu tatata ba da agogon manya ake yinta ba. Barcin yaro da cikinsa su ke yanke inda za a je da lokacin da za a dawo. Duk abin da zan faɗa a nan a kan wannan ya ginu.

Mataki na farko: wane gari?

Mu 'yan Abuja da Jos, in aka ce teku, Legas ce ke fara zuwa rai, kuma a zuwan farko ita nake ba da shawara. Dalilin ba kyau ba ne, sauƙi ne. Jirage na tashi zuwa can daga Abuja tun asuba har dare, tafiyar ba ta wuce awa ɗaya da 'yan mintoci, asibitoci da kantunan magani suna ko'ina, sannan da wuya a rasa ɗan'uwa ko ɗan gari a Agege, Obalende, Idi-Araba ko Mile 12 da za a kira in wani abu ya taso da tsakar dare.

Kalaba gari ne mai natsuwa da tsafta, sai dai a bakin kogi take, ba a bakin buɗaɗɗen teku ba. Wanda ya je don yara su yi wasa da rairayi suna kallon igiyar ruwa zai sha mamaki. Ibeno a jihar Akwa Ibom tana da doguwar gaɓa mai faɗi, amma sai an sauka Uyo an sake ɗaukar hanyar mota ta Eket, wato ƙarin zama ga yaron da ya riga ya gaji. Kwatano da Akra ba sa buƙatar biza ga ɗan Najeriya saboda yarjejeniyar ECOWAS, amma kowane yaro sai da nasa fasfo, sai kuma katin shaidar rigakafin cutar shawara (yellow fever), wadda ake yi wa yaro tun yana wata 9. Ku bar waɗannan sai zuwa na biyu.

Wani abu game da Legas: manya za su ce muku ku je Bar Beach, don ita suka sani a zamaninsu. Babu ita yanzu, an cike wurin da ƙasa an kafa sabon birnin Eko Atlantic. Haka a 2024 aikin babban titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba ya ci wani ɓangare na wuraren shaƙatawar da ke gefen Oniru. Don haka kada hoton da kuka gani a Instagram ya ruɗe ku. A kira wurin a ji ko yana aiki, nawa ne kuɗin shiga, kuma ko ana barin mutum ya shiga da abincinsa. Wannan tambaya ta ƙarshe ta fi sauran muhimmanci ga mai ƙaramin yaro.

Mataki na biyu: wane wata?

Nan masu 'yan tatata suka fi kowa gata, don kalandar makaranta ba ta ɗaure ku ba tukuna. Ku ci moriyar hakan.

Damina a Legas takan yi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. A waɗannan watanni teku ya fi fushi, titunan Lekki kan cika da ruwa, sauro kuma ya samu gida. Disamba babu ruwan sama, amma ita ce watan da 'yan ƙasar waje ke dawowa hutu: tikiti ya yi tashin gwauron zabo, masauki ya yi wuya, cunkoso ya kai a yi awa biyu a tafiyar minti ashirin. Ga kuma hazon hunturu da kan sa a jinkirta tashin jirage daga ƙarshen Disamba zuwa Janairu.

Zaɓina shi ne Nuwamba, ko Fabrairu bayan hazo ya sassauta. A duba kalanda kada a faɗa cikin azumi ko kwanakin sallah. Kuma a sa tafiyar ta kama tsakiyar mako, daga Litinin zuwa Juma'a. Bakin tekun Legas na ranar Talata da safe da na ranar Asabar da yamma kamar garuruwa biyu ne: na farko iska ce da masunta, na biyu kiɗa ne mai fasa kunne da kwalaben giya.

Kwana huɗu zuwa biyar ya isa. Ranar zuwa da ranar dawowa ba a ƙirga su cikin hutu.

Mataki na uku: hannu nawa ne, kuɗi nawa ne?

Kafin a taɓa lissafin kuɗi a yi lissafin hannu. Ƙa'idata: kowane ɗan tatata da babban mutum guda da ke kansa. Yara biyu, manya biyu, in da hali a ƙara ta uku da za ta tsare kaya ta karɓi wanda ya gaji. Mu ƙanwar maigidan muka ɗauka, ɗaliba ce, kuma tikitinta shi ne kuɗin da ya fi kowanne amfani a tafiyar. Amma yarinya 'yar shekara goma sha biyu mai taya raino ba babba ba ce a bakin ruwa, ita ma tsaronta ake yi.

Sai izinin manya. Da maigidan ya buga wa mahaifiyarsa waya a Jos, shiru ta yi kafin ta ce, "Jikokin nawa za ku kai ruwan da ba a ganin ƙarshensa?" Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ruwa ba zai wuce musu idon sawu ba, in Allah ya yarda." Ta gindaya sharaɗi biyu: a tofe su da addu'a safe da yamma, kuma kada magariba ta same su a bakin ruwa. Na biyun ko likita abin da zai faɗa ke nan, don lokacin ne sauro ke fitowa, ido kuma ba ya rabe yaro da inuwa.

Farashi na canzawa kullum, don haka ba zan sa adadi ba. Abin da zan ce shi ne jirgi da masauki kowa na tuna su, ƙananan abubuwa ne ke huda aljihu: motar haya a cikin gari sau biyu a yini, kuɗin shiga bakin teku, kuɗin rumfa da kujera wanda daban ake biya, kuɗin ajiya da masu gidajen haya ke riƙewa sai ranar fita, ruwan gora. Bayan an haɗa komai a ware kashi ɗaya cikin biyar a gefe, kada a taɓa. Kuɗin asibiti ne ko na ƙarin kwana in jirgi ya ƙi tashi. A kuma riƙe tsabar kuɗi ƙanana, don taransifa kan maƙale daidai lokacin da yaro ke tsala ihu.

Mataki na huɗu: hanya

Daga Abuja zuwa Legas a mota ya haura kilomita 700, ta Lokoja da Okene, kuma yini guda ne cur in hanya ta yi kyau. Na san masu yi da yara, amma ban ga ribar ba. In dole ce, a raba tafiyar biyu a kwana a hanya, a ɗaure yaro a kujerarsa ta mota, kuma kada a yi tafiyar dare.

A jirgi, yaron da bai cika shekara 2 ba a cinya yake zama, kuɗinsa kaɗan ne. Da zarar ya cika 2 sai an saya masa kujera. Ku lura da wannan in ranar haihuwarsa ta faɗo tsakanin zuwa da dawowa. A tafi da takardar haihuwa, don ana iya tambaya a wurin tantancewa. Keken tura yaro yawanci ana barin a kai shi har kusa da jirgi kafin a karɓa, amma ni zanen goyo ya fi mini komai: hannuna biyu a sake, shi kuma ya yi barcinsa.

A zaɓi jirgin safe. Jinkiri taruwa yake yi, na safe ya shafi na rana, na rana ya shafi na yamma, kuma zaman awa uku a ɗakin jira da ɗan shekara biyu horo ne. Sai dai akwai dabara a lokacin sauka. Filin jirgin Murtala Muhammed a Ikeja yake, bakin teku kuma yana can ɓangaren tsibiri, sai an haye gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12. Da sassafe duk garin tsibiri yake nufa, da yamma duk ya juyo. Saboda haka a sauka wajen ƙarfe goma zuwa sha biyu, lokacin da hanya ta sarara. Ranar dawowa kuma a bar masauki kafin ƙarfe biyu, kada a haɗu da masu tashi daga aiki. A duba tikiti da kyau, don jiragen cikin gida daga tasha biyu suke tashi a Ikeja, kuma direba zai tambaya wacce.

Lokacin tashi da sauka kunnen yaro kan toshe ya yi zafi. A ba shi nono, ko fida, ko ruwa a kofinsa, haɗiya ce ke buɗe kunnen. Kada a bari ya sha ya ƙoshi a ɗakin jira, a ɗan ja masa rai har jirgi ya fara gudu.

Mutanen Jos: filin Yakubu Gowon da ke Heipang ba shi da yawan jirage kamar Abuja, don haka a tabbatar da ranakun tashi tun da wuri. Wanda zai biyo ta Abuja kada ya haɗa awa huɗu ko biyar na hanyar Akwanga da Keffi da hawa jirgi a rana ɗaya. A kwana wurin 'yan'uwa, a tashi da safe.

Mataki na biyar: masauki

Nan muka yi kuskuren da ya fi ba ni haushi. Mun kama wuri mai araha a Ikeja muna ganin mun yi wayo, sai muka ɓata safiya a mota, muka isa bakin ruwa rana ta take, yara sun yi laushi. A kwana na biyu muka tattara muka koma Lekki. Masauki ya kasance minti goma sha biyar ko ashirin daga inda za a riƙa zuwa, ko da ɗakin ya fi ƙanƙanta.

Ga mai yara, gidan haya na 'yan kwanaki ya fi ɗakin otal, saboda kicin. Yaron da ya saba da kunun gyada ƙarfe shida na safe ba zai jira a buɗe ɗakin cin abinci ƙarfe bakwai da rabi ba. Kafin a tura ko sisi, a nemi mai gidan ya zagaya da ku ta kiran bidiyo, ba hotuna ba, don akwai masu tallar gidan da ba nasu ba. Yana zagayawa kuna tambaya. In Nepa ta ɗauke, janareta ko inbata na ɗaukar na'urar sanyi har asuba, ko fanka kawai? Tagogi na da ragar sauro? Baranda tazarar ƙarafunanta yaro zai iya zura kai? A ce ya buɗe famfo ku ga ruwan, don ruwan rijiyar burtsatse a sassan Lekki da yawa yakan fito ja-ja, mai ƙarni. In haka ne, wankan jariri da wanke fida sai da ruwan saye.

Sai tafkin wanka. In gidan na da shi kuma babu shinge da ƙofa mai kulle tsakaninsa da ɗakinku, ni dai sai in nemi wani gidan. Teku awa biyu za ku yi a gabansa kuna a ankare. Tafki kuwa yana nan dare da rana, har lokacin da kike salla shi kuma yana waya.

Mataki na shida: lafiya da jaka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako biyu kafin tashi a ɗauko katin rigakafi a ga ko akwai allurar da aka tsallake. Yaron da ke da sikila, asma ko farfaɗiya, a gana da likitansa a ji abin da zai ce game da jirgi da zafi da ruwan sanyi.

Jakar magani ƙarama ce amma a hannu take tafiya, ba cikin akwati ba. Ma'aunin zafi, farasitamol na ruwa da cokalin awonsa, filasta, maganin wanke ciwo, sai ORS (garin haɗa ruwan gishiri da sukari) da zink. Gudawa ita ce cutar tafiya, sauyin ruwa da hannun da ya taɓa komai ke kawo ta. Da ta fara a haɗa ORS da adadin ruwan da aka rubuta a jikin ledar, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a ci gaba da nono da abinci. Zink kuma miligiram 20 ne kullum na kwana 10 zuwa 14 ga wanda ya haura wata shida, ko da gudawar ta tsaya. In yaro ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko ya yi lis, ko an ga jini a kashinsa, ko ya yi jijjiga, babu jira, asibiti. Tun ranar da kuka sauka ku san asibitin yara mafi kusa da masaukinku, ku sa lambar gaggawa a waya: 112, ko 767 a Legas.

Gidan sauro mai naɗewa ya shiga akwati ko da an ce ɗakin na da sanyi. Zazzaɓi in ya zo, a yi gwaji kafin a ba da maganin maleriya. Man korar sauro babba ya shafa a tafinsa sannan ya shafa wa yaro a ƙafa da damtse, ban da tafin hannu da fuska, don hannun baki zai je.

Yaran Jos su ne zafin Legas ya fi wahalarwa. Yaron da ya tashi a tudun da ya haura mita 1,200, wanda ake sa wa hula da safa da dare, ya wayi gari a inda gumi ba ya bushewa, kwana biyu sai ƙurajen zafi a wuya da baya. Kayan auduga marasa nauyi, wanka sau biyu ko uku, a rage man shafawa mai maiƙo. Rigar sanyi ɗaya ta isa, ta cikin jirgi. Kuma baƙar fata ma rana na ƙona ta: hula mai faɗi, riga mai dogon hannu, da man kariyar rana ga wanda ya wuce wata shida.

Famfas kada a cika akwati da shi, na kwana biyu ya isa, akwai shi a kowane kanti. Abin da ba za a samu ba shi za a ɗauka: garin kunun da ya saba, dambun nama, bargon da ba ya barci sai da shi.

Mataki na bakwai: tekun kansa

Fita ɗaya a yini. A bar gida ƙarfe bakwai da rabi, a dawo kafin sha ɗaya, a yi wanka a ci abinci a kwanta. In an tashi da la'asar kowa na cikin walwala, a ɗan zaga kusa. In ba haka ba a zauna. Ranar tsakanin ƙarfe goma da huɗu ba ta yaro ba ce, rairayin ma ƙona tafin ƙafa yake yi.

Yanzu ga abin da nake so ku riƙe ko kun manta sauran. Tekun Atilantika a gaɓar Legas ba kogi ba ne, ba dam ɗin Usuma ba ne. Gaɓar tana da gangara, taku kaɗan ƙasa ta zurma. Haɗarin ba a zuwan igiyar yake ba, a komawarta yake: ruwan na janyewa yana kwashe rairayin da ke ƙarƙashin ƙafa. Ni da nake babba na ji ƙasa na gudu a ƙarƙashina har na dafa. Yaro mai kilo goma sha biyu, ruwan da bai kai masa gwiwa ba ya isa ya kayar da shi ya ja. Akwai kuma wuraren da ruwa ke yin hanya yana komawa ciki da ƙarfi, kuma abin takaici nan ne ya fi kama da wuri mai lafiya, don igiya ba ta fashewa a wurin. Gwanayen iyo ma nan suke halaka. Babban da ya tsinci kansa a ciki kada ya yi kokawa da ruwan, ya bi gefe a layin gaɓa har ya fita daga jan.

Don haka ɗan tatata ba iyo ya zo yi ba. Ya zo ne ruwa ya lashi ƙafarsa, hannunsa cikin na babba, babban kuma fuskarsa na kallon teku. Ba a juya wa teku baya, ko don hoto. A riƙe shi a wuyan hannu, ba a yatsu ba, yatsu jiƙaƙƙu sulɓewa suke.

Nutsewar yaro ba ta da ƙara. Ba ihu, ba fantsama ruwa, shiru ne kawai, cikin ƙasa da lokacin da za ki amsa saƙon WhatsApp. 'Yan shekara 1 zuwa 4 su ne rukunin da nutsewa ta fi ɗauka a duniya, kuma sau da yawa manya na wurin, kowa na zaton ɗan'uwansa ne ke kallo. Maganin wannan a faɗa da baki. Mu haka muke yi: in zan juya in ɗauko ruwa sai in ce, "Abban yara, ga ta nan a hannunka," ba na motsawa sai ya ce, "Na karɓa." Da fari abin dariya ya ba mu. Wanda ke kan tsaro ba ya riƙe waya.

Robar hurawa ta hannu da zoben iyo kayan wasa ne, ba kariya ba. A teku ma sun fi haɗari, don iska na iya tura yaro ciki. Mu mata kuma mu san cewa doguwar riga da hijabi in sun jiƙe nauyi suke yi su naɗe ƙafa. Mai tsaron yaro a bakin ruwa ta sa wando a ciki da hijabi madaidaici wanda ba ya jan ƙasa.

Tabarma a shimfiɗa ta can sama da layin da rairayi ya jiƙe, don ruwa na hawa yana sauka sau biyu a yini, inda ya bushe ƙarfe takwas yana iya zama cikin ruwa ƙarfe goma. A share wurin da ƙafa a duba fasassun kwalabe. Dabarar da ta cece mu ita ce ƙaramin baho na roba: muka ɗebo ruwan teku muka ajiye a inuwar rumfa, da moɗa da cokula. Yarinyar da ke tsoron teku ta yi awa guda tana dafa mana tuwon rairayi. Shi ma bahon da an tashi a kifar da shi.

Kada a tilasta wa yaro. Wanda aka ɗauka yana kuka aka tsoma don a yi bidiyo, gobe ko hanyar wurin ba zai yarda ya bi ba.

Masu dawakai za su zo, da yawansu 'yan arewa ne. Ɗaya ya ji muna Hausa ya washe baki: "Hajiya, sannunku da zuwa, a ɗora 'yan yara mana." Na ce, "Malam, sun yi ƙanƙanta, sai dai su gaisa da shi." Ya sunkuyar da kan dokin ta shafa, muka ba shi na goro. Har yau dokin take tunawa fiye da tekun. In za a hau, babba ya hau tare da yaro, a yi ciniki kafin a ɗora ƙafa.

Tarkwa Bay ruwanta ya fi kwanciya saboda tana cikin lungun mashigar jiragen ruwa, shi ya sa ake yaba ta ga iyalai. Amma sai da kwalekwale mai inji ake zuwa. Sharaɗina ɗaya: rigar kariya daidai jikin yaro, mai maɗauri ta tsakanin ƙafafu. Ta manya in aka zura masa, yana faɗawa ruwa zai zame ta ƙasa ya bar ta. In babu a tashar, a fasa. Kuma kada a goya yaro a cikin kwalekwale, a riƙe shi a cinya, a dawo da sauran rana.

In yaro ya sha ruwa ya ƙware, ko da ya miƙe ya ci gaba da wasa, a sa masa ido. Tari da ya ƙi tsayawa, numfashi da sauri ko barcin da ba a saba ba, a kai shi a duba.

Mataki na takwas: sauran kwanaki, abinci, da dawowa

Rana ɗaya a huta da teku. Gandun Lekki Conservation Centre, wanda aka kafa a 1990, yana da hanyar katako cikin inuwar itatuwa, ga birai ga kifaye a tafki. Gadar samansa mai tsawon mita 401 ba ta masu goyo ba ce, a bar wa wanda ya zo shi kaɗai. Biran wurin ba su da kunya, yaro na riƙe da biskit za su sauko, don haka abinci ya zauna cikin jaka a zuge. Badagry da gidan benenta na 1845 da tarihin cinikin bayi wuri ne da ya cancanci zuwa, amma nisan ya yi yawa kuma ɗan shekara biyu ba abin da zai fahimta. A ajiye sai sun shiga firamare.

Abinci: miyar Yarabawa barkononta ya fi ƙarfin bakin yara, a nemi farar shinkafa, doya, soyayyar ayaba, ƙwai. Kifi a tsince ƙaya da hannu. Jatan lande da ƙaguwa, in yaro bai taɓa ci ba, bakin teku nesa da likitansa ba wurin gwaji ba ne. A tambayi abin da aka dafa da shi ba tare da jin nauyi ba, Legas cike take da Musulmi, tambayar ba baƙuwa ba ce. In kewar gida ta taso, masu tsire na Obalende suna nan, Juma'a kuma akwai babban masallaci a Lekki Phase 1.

Daren dawowa a haɗa kaya tun yara na barci, a ware kayan canji biyu na kowane yaro da ɗaya na uwa a jakar hannu. Wanda aka taɓa yi wa amai a cikin jirgi ya san dalili. Bayan an iso gida, duk zazzaɓin da ya taso cikin makonnin farko a yi gwajin maleriya, a gaya wa likita an je kudu. Barcin yara kan ɗan rikice kwana biyu ko uku, don haka kada a dawo daren Lahadi a ce za a fita aiki Litinin.

Mu ranar Alhamis muka dawo. Da Asabar muka bi ta Jabi, ta leƙa ta taga ta ga tafkin, ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo ta ce, "Umma, wannan ruwan barci yake yi?"